Ƙashin tangaran da ƙwayoyin ɓargo: a sayar da gona a tafi waje?

Na Mabera: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon saƙo, abin ya ishe ni. Wata bakwai ke nan ƙanena yay yi hatsari bisa kabu-kabu, hanyar Wamakko. Ƙashin ƙauri yak karye, tsininshi har ya huda fata ya leƙo waje. Tsohuwarmu tac ce ba a kai mata ɗa asibiti a yanke mishi ƙafa, sai munka kai shi wurin mai ɗori. Sati uku ƙafar na ɗaure cikin kara da tsumma, har wari yaf fara hana mutane zama ɗakin. Da munka kai shi asibiti anka yi mishi aiki sau biyu, anka ciccire ƙashin da ya mutu. Yanzu ƙafar na riƙe da ƙarafuna ta waje. Likita ya ɗaga mini hoton ga hasken taga: ga ƙashi fari sama, ga ƙashi fari ƙasa, tsakani baƙi ƙirin, babu komi. Yac ce santimita 6 ta tafi.

Shekaranjiya ɗan baffanmu yat turo mini bidiyon wani asibiti na ƙasar waje. Suna nuna wani abu fari mai huji-huji awa soso, wai tangaran na, su zuba mishi abin da suka kira sitem sel, su cusa cikin gurbin, wata uku ƙashi ya tsiro sabo. Kuɗin da sunka faɗi, sai an sai da gonarmu ta fadama, ta gado. Baffa ya riga ya fara neman mai saye. Don Allah wanda yas san wanga abu ya yi muna bayani kafin mu yi abin da ba ya gyaruwa.

Hajiya ta Arkilla: Wa alaikumus salam. Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Ɗan Kwata: Amin. Allah ya tashi kafaɗunshi.

Likitan Ƙashi: Wa alaikumus salam. Sannunku da jinya. Kafin in ce komai a kan bidiyon, amsa min waɗannan. Har yanzu wurin yana fitar da ruwa ko mugunya, ko da kaɗan ne? Fata ta rufe gurbin ko akwai rami? Yana shan taba? Yana da ciwon suga?

Na Mabera: Dakta ba ya da suga. Fata ta rufe, sai ɗan ƙaramin wuri. Batun ruwa sai na duba da safe in an canza bandeji. Taba kuwa, to, sai dai in ce Allah ya shirya.

Jikan Maɗori: Ni dai kafin a fara, don na san inda zancen zai nufa. Kakana ya yi ɗori sama da shekara hamsin, har daga Nijar ana kawo mishi mutane, sunka koma da ƙafafunsu. Kar a zo nan a mai da masu ɗori makasa.

Nas: Yaya, ba wanda ya ambaci kakanka. Amma ni nake kwance tsumman nan in an kawo su. Na ga yaro ɗan shekara bakwai da karayar hannu wadda ko ba a taɓa ta ba za ta haɗe, an ɗaure ta tamau da kara har yatsu suka yi baƙi. Uwar tana tambayata ko za su dawo. Me zan ce mata?

Jikan Maɗori: Wannan ba maɗori na ba, ɗan neman kuɗi na. Kakana in yag ga ƙashi ya huda fata ba ya taɓawa, cewa yake ku tafi asibiti, wanga ya fi ƙarfin tofi da kara.

Likitan Ƙashi: To ai kun haɗu ke nan. Ƙashi da kansa yake haɗewa da ikon Allah, mu da masu ɗori duka riƙe shi kawai muke yi ya zauna daidai. Karayar da fata ba ta fashe ba sau da yawa tana warkewa a hannun kowa. Wadda ƙashi ya fito ya taɓa ƙasar titi kuwa, awannin farko su ne komai: a wanke, a cire datti, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus. Abin da ya wuce ya wuce, mu koma kan ƙafar yaron nan.

Admin: Madalla. A bar batun ɗori haka nan don Allah, mun yi shi bara har mutum biyu sunka fita.

Ɗalibar Kimiyya: Salam. Dakta a ba ni dama in fara da ɓangaren tangaran ɗin, don a kansa nake aikin digirina na biyu. Yaya na Mabera, abin da ka gani ba ƙarya ba ne, akwai shi. Sai dai ba tangaran ɗin kofin shayi ba ne.

Ƙashi abu biyu ne a cakuɗe. In ka jiƙa ƙashin kaza a ruwan tsami mai ƙarfi na kwanaki, za ka ga yana lanƙwasuwa kamar roba, saboda ma'adinin ya narke, saura zaren nama. In kuma ka ƙona shi ƙurmus, zaren ya tafi, saura wani farin abu mai gautsi kamar alli. Farin nan kusan kashi biyu cikin uku ne na nauyin ƙashi, kalsiyam ne da fosfet, sunansa haidiroksi-afatait. Shi ake haɗawa a ɗakin gwaji, a gasa a wuta mai zafin da ya haura digiri 1000, a fito da shi da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Gasawar nan ce ta sa ake kiransa tangaran. Da yake jiki ya san sinadarin, ba ya ɗaukarsa baƙo, sai ƙashi ya manne masa ya bi ta cikin ramukan, kamar yadda duma ke bin darni.

Ramukan su ne sirrin. In sun gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita, jijiyar jini ba ta shiga sosai. In sun yi yawa kuma abin ya yi rauni.

Ɗan Kwata: Tsaya ƙanwata. Kina nufin ƙashin shanun da muke tarawa bayan kwata, ana ƙonawa ana kai ma masu abincin kaji, shi na ake sa ma mutane?

Ɗalibar Kimiyya: Kusan haka, Baba. Akwai wani da ake kira Bio-Oss, na wani kamfani a Suwizalan, daga ƙashin shanu ake yinsa, likitocin haƙori a duniya suna cika gurbin muƙamuƙi da shi kafin su dasa haƙori. Amma sai an cire duk wani maiƙo da furotin, an tace, an kashe ƙwayoyin cuta, an gwada. Akwai ma wanda ake yi da murjanin teku tun shekarun 1970, don ramukansa sun yi kama da na ƙashin mutum. A jami'o'in ƙasar nan an yi rubuce-rubuce da dama a kan fitar da shi daga ƙashin shanu da ɓawon ƙwai.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu nan Sakkwato a kan kayan muke zaune. Farar ƙasar da ake siminti da ita a Kalambaina kalsiyam ce. Duwatsun fosfet na wajen Dange da Shuni dangin afatait ne. Ga shanu. Amma ɗan ƙullin da bai cika cokali biyu ba sai an sayo da dala.

Ɗan Kwata: Ashe arziki muke ƙonawa. Gobe zan ƙara ma masu kaji kuɗi.

Likitan Ƙashi: Baba Ɗan Kwata a yi a hankali, kar gobe mu ji wani ya daka ƙashin sa ya cusa a miki. Ba wasa nake ba, na taɓa ciro garin gawayi da toka daga cikin karaya.

Ƙanwata ta yi bayani daidai, amma ita a ɗakin gwaji take, ni kuma a ɗakin tiyata. Bari in faɗi inda abin ke tsayawa. Tangaran tangaran ne. Ki saki kofi a siminti ki gani. Yana jure danni, ba ya jure lanƙwasa ko murɗa, ƙauri kuwa kullum cikin lanƙwasa da murɗa yake in mutum na tafiya. Inda yake aiki da kyau shi ne rami mai bango: an kankare wani ƙari daga cikin ƙashi an bar kogo, ko kan ƙauri ya lotsa kusa da gwiwa an ɗago shi ana son abin da zai tokare, ko gurbin haƙori. Nan ƙashi mai rai ya kewaye shi ta ko'ina. Na ƙanen Na Mabera ba rami ba ne, gada ce ta karye, babu bango ko ɗaya.

Sannan shi kansa ba ya haifar da ƙashi. Darni ne, kamar yadda ta ce. Darni ba ya fitar da duma in ba a shuka ba.

Ɗalibar Kimiyya: Dakta ai shi ya sa ake haɗa shi da ƙwayoyin sitem sel ɗin. Nan ne iri yake.

Likitan Ƙashi: Za mu zo nan. Ki fara gaya musu batun narkewa, don shi ma masu talla ba sa faɗa.

Ɗalibar Kimiyya: Haka ne. Iri-iri ne. Haidiroksi-afatait da aka gasa sosai yana iya shekaru a jiki bai narke ba. Akwai tiraikalsiyam fosfet, shi yana narkewa a hankali cikin watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu, ƙashi na maye gurbinsa. Shi ya sa ake cakuɗa su biyun, sau da yawa kashi 60 da kashi 40. Akwai kuma kalsiyam salfet, wato dai garin filastar da ake ɗaure karaya da ita amma tatacce, shi cikin makonni yake tafiya. Shi ne ma mafi tsufa, tun 1892 wani likita a Jamus, Dreesmann, ya cika ramukan ƙashi da shi. Har gilashi akwai. Larry Hench ya haɗa shi a Jami'ar Florida a 1969, bayan wani kanar ɗin sojan Amurka da ya dawo daga Biyetnam ya yi masa ƙorafin yadda ake yanke wa samari ƙafafu don jiki na ƙin ƙarfe da roba. Matsalar kullum ɗaya ce: wanda ya narke da wuri ya bar gurbi kafin ƙashi ya iso, wanda ya ƙi narkewa ya tare wa ƙashi wuri.

Malamin Makaranta: Ni fa har yanzu ban gane sitem sel ɗin ba. Kullum ina jinsa a rediyo, har masu sayar da maganin gargajiya a mota sun fara cewa nasu na da shi.

Likitan Ƙashi: Malam, ka san ɓargo. A cikinsa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zaɓi sana'a ba. In jiki ya buƙata, su zama masu gina ƙashi, ko guringuntsi, ko kitse. Mu kira su ƙwayoyin asali. Wani masani a Mosko, Friedenstein, shi ya fara ware su daga ɓargo a shekarun 1960 zuwa 1970, ya nuna suna iya yin ƙashi. Ba su da yawa ko kaɗan, ɗaya cikin dubu goma zuwa dubu ɗari na ƙwayoyin ɓargo, kuma suna raguwa da tsufa. Duk karayar da ta taɓa haɗewa a duniya, har ta hannun kakan ɗan uwanmu, irin waɗannan ƙwayoyin ne suka yi aikin. Na cikin kwalbar mai mota kuwa, ƙwayar halitta ba ta rayuwa a kwalba cikin ranar Sakkwato, in ma ta rayu ciki zai narkar da ita kamar tuwo.

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a soka allura a ƙashin ƙugu a zuƙo ɓargo, a juya shi a na'ura ya yi kauri, a mayar wa mutum a ranar. Ta biyu, a kai ɓargon ɗakin gwaji na musamman a rene ƙwayoyin makonni har su kai miliyoyi, sannan a zuba su a kan tangaran a dasa. Ta biyun ce mai tsada, ita ce kuma ke buƙatar tsafta da sa ido na hukuma, don abin da aka rena makonni a kwano in ƙwayar cuta ta shiga, ita ma an rene ta.

Ɗalibar Kimiyya: Kuma ta biyun ta yi aiki a mutane, Dakta. A 2001 likitocin Italiya, Quarto da Cancedda da Marcacci da abokansu, sun ba da rahoton mutum uku masu giɓin santimita 4 zuwa 7, a ƙauri da damtse da hannu. Tangaran mai ramuka da ƙwayoyin ɓargonsu, kuma suka warke suka ci gaba da amfani da gaɓoɓin. Santimita 6 na cikin wannan.

Likitan Ƙashi: Mutum nawa kika ce?

Ɗalibar Kimiyya: Uku.

Likitan Ƙashi: Uku. An fi shekara ashirin da yin wannan. Da abin ya zama mai sauƙi kamar yadda bidiyo ke nunawa, da yau kowane babban asibitin ƙashi a duniya shi yake yi, da an daina yanka ƙugun mutane ana ɗibar ƙashi. Ba a daina ba. Kuma da suka bi waɗancan mutanen shekara shida zuwa bakwai, tangaran ɗin na nan a hoto bai narke ba.

Abin da ke kayar da shi jini ne. Ƙwayar halitta ba ta rayuwa in ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Ki ɗauki dunƙule mai tsawon santimita 6 da kaurin ƙauri, ki cika shi da ƙwayoyi miliyan nawa kike so. Na gefe za su sami abinci. Na tsakiya za su mutu kafin jijiyoyi su iso gare su. A ɓera abin na yin kyau don ƙashin ɓera bai kai tsinken sakace ba.

Hanya ta farkon ma, ta allurar ɓargo, akwai shaida. Hernigou a Faransa ya ba da rahoto a 2005: mutum 60 da ƙaurinsu ya ƙi haɗewa, aka yi musu allurar ɓargonsu da aka kaurara, 53 suka haɗe, bakwai ɗin da ba su haɗe ba su ne masu ƙarancin ƙwayoyin. Amma ku lura, waɗannan karayarsu ba ta da ruɓa, kuma bakin ƙashi na kusa da juna. Tsaga ce, ba giɓi ba.

Ɗalibar Kimiyya: Na yarda da batun jini. Amma Dakta in kowa ya ce sai abin ya gama nuna, wa za a gwada a kansa? Ilimin ba zai motsa ba.

Likitan Ƙashi: A gwada, ina goyon baya. Amma wanda ake gwaji a kansa ba shi ke biya ba. Ana gaya masa gwaji ne, ya sa hannu, kwamitin ɗa'a na sa ido, in abu ya lalace a kula da shi. Wanda ya ce ka sayar da gona ka zo, ya kuma ba ka wata uku kamar mai ɗinki, wannan ciniki yake yi.

Hajiya ta Arkilla: Dakta ka yi haƙuri in shigo da tawa. Ɗiyata mai sikila ce, shekararta 19, an ce kan ƙashin ƙugunta ya fara mutuwa. Wannan allurar ɓargon ta shafe ta?

Likitan Ƙashi: Hajiya wannan kam ta fi kusa da inda abin ke da amfani. Shi Hernigou ɗin ya daɗe yana yi wa masu sikila: a huda kan ƙashin a rage masa matsi, a zuba ɓargon mutum da aka kaurara. Sharaɗin shi ne a yi kafin kan ƙashin ya lotsa. In ya riga ya lotsa, maganar ta koma ta canjin ƙugu. Kar ki jira sai ta kasa taka ƙafar. Ki kai hotunan wurin likitan ƙashi tare da likitan jininta, don mai sikila sai an shirya ta sosai kafin a sa ta barci.

Hajiya ta Arkilla: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan turo maka hoton ta gefe in ba damuwa.

Malam na Kofar Atiku: Assalamu alaikum. Ina biye da ku tun ɗazu. Tambayar da mutane za su yi mana a masallaci ita ce halacci. Abin da na sani, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta zauna a Makka a 2003 ta halatta amfani da waɗannan ƙwayoyi in tushensu halal ne, kamar daga baligi da izininsa ba tare da cutar da shi ba, ko daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, ta kuma hana a zubar da ciki da gangan don a same su. To wanda aka ɗiba a ƙugun mutum aka mayar masa a ƙauri, ban ga abin tuhuma ba. Inda zan ja hankali shi ne kayan da ake haɗawa da su. Na ji ana yin wasu da alade.

Ɗalibar Kimiyya: Gaskiya ne Malam, akwai na ƙashin alade, akwai kuma fatar rufi da ake yi da furotin ɗinsa, musamman a aikin haƙori. Ana rubutawa a kwali. Wanda aka haɗa daga sinadari zalla babu dabba a cikinsa sam. Mutum ya tambaya kawai.

Malamin Makaranta: Wannan bai shafi yaran asibitin cutar Noma na nan Sakkwato ba? Waɗanda cutar zaizayar baki ke cinye wa muƙamuƙi. Ina wucewa ta wurin kullum.

Likitan Ƙashi: Ya shafe su a buri. Asibitin nan tun 1999 yake, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Yawancin aikin da ake musu na ɗauko fata da tsoka ne daga wani wuri a rufe fuska. Abin da ya fi kama da tambayarka an yi shi a Kiel ta Jamus a 2004, ga wani da cutar kansa ta ci wa muƙamuƙi. Aka ƙera ragar ƙarfe daidai siffar haɓarsa, aka cika ta da ma'adinin ƙashin shanu da ɓargonsa da wani furotin mai kiran ƙashi, aka binne ta cikin tsokar bayansa mako bakwai, sannan aka ciro ta tare da jijiyoyin jininta aka dasa a fuska. Kun ga dabarar? Sai da suka nemo mata jini tukuna.

Na Mabera: Dakta na ji duka, jikina ya yi sanyi. To mi za mu yi? A yanke ke nan?

Likitan Ƙashi: A'a, ban ce haka ba, kuma ban ga ƙafar ba, likitansa ne zai yanke hukunci. Amma santimita 6 a ƙaurin saurayi abu ne da ake gyarawa a ƙasar nan. Matakin farko, ko a nan ko a Indiya ko a Jamus, ɗaya ne: sai ruɓa ta mutu. Duk abin da ka sa a wuri mai mugunya, tangaran ko ƙarfe ko ƙashin mutum, ya zama gidan ƙwayoyin cuta, su lulluɓe shi da wata yauƙi da magani ba ya ratsawa. A nan ma tangaran na da ɗan aiki, ana cuɗa kalsiyam salfet da maganin kashe ƙwayoyi a yi ƙananan duwatsu kamar na carbi a zuba a wurin.

In wuri ya yi tsabta, hanya biyu aka fi bi. Ɗaya ta Masquelet ce, Bafaranshe, tun shekarun 1980: a cika giɓin da simintin ƙashi, a bar shi mako shida zuwa takwas, jiki ya saƙa wata fata mai jini a kewayensa. A buɗe a cire simintin, a cika jakar nan da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun mutum. In bai isa ba ana ƙara masa tangaran kaɗan ya yi auki, kamar yadda ake ƙara wa fura nono. Ƙanwata, kin ga na ba ki wurinki. Ɗayar ta Ilizarov ce, likitan Kurgan a Rasha, tun shekarun 1950: a yanke ƙashin a wuri mai lafiya, a riƙa jawo guntun milimita ɗaya kullum, sabon ƙashi na tsirowa a bayansa. Ku tambayi likitansa wacce ta dace, in ba sa yi a wurin ya rubuta muku takarda zuwa inda ake yi, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Direban Tanka: Salam. Ban cika magana a nan ba amma wannan tawa ce. Ni aka yi wa na Rasha ɗin, santimita 5, bayan na faɗi da mota. Ɗan uwa bari in gaya maka yadda yake don kar a yi maka daɗin baki.

Zobba ne na ƙarfe kewaye da ƙafa, da wayoyi sun ratsa ƙashi kamar sipok ɗin keke. Aka ba ni sifana lamba 10. Kowane noti matata ta ɗiga masa jan farce a gefe ɗaya don kar in ɓata lissafi. Kwata ɗin zagaye sau huɗu a rana, zagaye ɗaya milimita ɗaya ke nan. Na haɗa shi da asuba, azahar, magariba, da lokacin kwanciya. Kwana hamsin ina juyi. Juyin ba shi ne wahala ba, jiran da ke bayansa ne, don sabon ƙashin kamar kunu yake a hoto, sai ya yi wata da watanni kafin ya yi tauri. Wata tara na yi da ƙarfen. Duk wandunana an farke su ta gefe an sa maɓalli. Bakin wayoyin kullum sai an goge, sau biyu suna yin ruwa aka ba ni magani. Da dare tsoka na ja kamar ana ɗaure ta da igiya. Sallah a kujera. Akwai daren da na ce wa matata ta kira su su yanke kawai in huta.

Yau shekara huɗu, da ƙafar nake taka kuloci daga nan har Legas. Idon sawun bai lanƙwasuwa kamar da, tsugunno sai na dafa.

Nas: Allah sarki. Kuma ka daina taba lokacin, ko?

Direban Tanka: Likitan cewa ya yi in zaɓa, ko sigari ko ƙafa. Har yau ban koma ba.

Jikan Maɗori: Wanga kam ko kakana sai ya sara ma mai sifana.

Na Mabera: Jama'a na dawo, ku yi haƙuri kwana biyu shiru. Dakta na duba bandejin kamar yadda kac ce. Akwai ɗan ruwa rawaya-rawaya, kamar girman kwabo, kullum da safe. Na nuna ma likitanshi, ya ɗebi jini, yac ce sai an sake shiga an kankare kafin a yi zancen cika giɓi. Na tura ma masu bidiyon tambaya ko suna karɓar mai ruɓa, da ƙwayoyin wa za su sa, da mutum nawa sunka yi ma irin wanga aiki. Amsar da sunka turo lambar asusu ta da ragin kashi goma in mun biya cikin sati.

Baffa bai ji daɗi ba, yac ce na bari 'yan waya sun hure mini kunne. Tsohuwa kuma tunda taj ji za a sake shiga tiyata ba ta ci abinci ba. Gonar dai na ce a dakata.

Shi yaron na ya fi ba ni tsoro, ya daina magana da kowa. Yaya Direba, in ba takura, ko za ka zo ka gan shi? Wata ƙila in yag ga ƙafarka ya saurara.

Direban Tanka: Ina Illela yau, gobe zan shigo. Turo min kwatance ta gefe, in sha Allahu bayan Juma'a ina nan. Sifanar na cikin mota, zan zo da ita.